Daga kati zuwa waya: littafin aikin yaranmu na ranar Asabar

Asabar, 24 ga Agusta, 2024

Ruwan da aka kwana ana yi shekaranjiya ya ɓula rufin ɗakin da nake ajiye kayan aiki. Da na ɗaga kwalin katunan yara, gindinsa ya zube a hannuna. Waɗanda ruwa bai jiƙa ba, gara ta riga ta yi hanya a cikinsu. Aikin shekara uku ke nan.

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Taura ta Jigawa, ba nisa da Gujungu. Duk Asabar da hantsi mata kan kawo min yaransu tsakar gidanmu, mu shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya. Yara tara ne yanzu. Huɗu suna da larurar ƙwaƙwalwa da ke sandarar da gaɓoɓi, uku magana ta ƙi zuwa musu (biyu daga ciki likita ya ce galahanga ce, wato autism, larurar da ke wahalar wa yaro magana da cuɗanya da mutane), sai kurame biyu, wa da ƙani. Ba zan kama sunan kowa a littafin nan ba.

Katunan na hotuna ne. Yaron da ba ya magana ya ɗauki katin abin da yake so ya miƙa wa babba, a ba shi abin nan take, daga nan ya gane cewa hoto ma magana ne. A Amurka aka tsara wannan hanya a 1985, a jihar Delaware, ana ce mata PECS, kuma tana aiki. Matsalarmu ita ce katunan da na samu zane ne na wata duniya: tuffa, cokali mai yatsu, masai na zama, bahon wanka irin na gidan sama, motar makaranta ruwan ɗorawa. Na sha ganin yarinya ta juya katin kofi ta sa a baki, don ba ta ga kofi a jikinsa ba.

Ƙanena mai gyaran waya a kasuwar Gujungu ya tarar da ni ina shanya katunan a kan igiya. Ya ce, “Yaya, kuɗin da za ki sake bugawa da yi musu leda, me zai hana ki ɗauki hoton kayan kowane yaro a waya?” Na kwana ina juya maganar. Na yanke ba zan sake buga tsofaffin ba.

Asabar, 7 ga Satumba

Na zaga gidajen takwas (kuramen gidansu ɗaya). Biyar akwai babbar waya, Tecno ko itel ko Infinix, amma a gida ɗaya kaɗai take hannun uwa. Sauran na maigida ne, da ita yake fita gona ko kasuwa. Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne kusan kowace mace tana da ƙaramar waya mai madanni, da memori cike da karatu da wa'azi, kuma waɗannan ƙananan suna nuna hoto suna kunna bidiyo idan an rage masa nauyi. Ba sai na koya wa kowa yadda ake buɗe memori ba.

Sharaɗin da na kafa wa kaina: duk abin da za mu yi sai ya yi aiki babu data, babu sabis, ko da babu layi a wayar. Wasu ma layukansu na cikin barazanar rufewa, don wa'adin haɗa layi da lambar NIN zai cika ranar 14 ga wata.

Lahadi, 22 ga Satumba

Yau na fara da yarinyar da ta fi tsaya min a rai. Shekararta bakwai, hannun kakarta take, kowa Iya yake ce wa kakar. An yi doguwar naƙuda a haihuwarta, ba ta yi kuka da wuri ba. Ba ta tafiya, hannun dama a dunƙule yake, amma idonta babu abin da yake wuce shi.

Na shiga da sallama bayan azahar, na tarar da Iya tana tankaɗe. Na ce ta nuna min kayan da yarinyar take amfani da su kullum. Ta ɗauko wani kofin silba da ya lotse ta gefe, da ludayin duma da ake ba ta fura, da shuɗiyar buta, da fo ɗinta na roba, da zanin goyo da ya koɗe. Na shimfiɗa farin buhu a inuwa, ina ɗora su ɗaya bayan ɗaya ina ɗauka. Sai da na maimaita na kofin, don a na farko kaza ta shigo ta bayansa, kuma duk abin da ya ƙaru a hoto yana raba hankalin yaro.

Ƙanena ya sa min wata manhaja ta kyauta da ake jera hotuna, in an taɓa hoto ta faɗi sunansa. Muryar inji da ta zo da ita ba ta san Hausa ba. Na rubuta ƙafa ta karanta kafa. Ba ta san ja da saukar murya ba, balle ta bambanta garin da ake zama da garin tuwo, ko kukan yaro da miyar kuka. Sai muka kashe ta. Na miƙa wa Iya wayar na ce ta faɗi sunan kowane abu yadda take faɗa wa jikarta.

Ta ce, “Malama, ni da ban san boko ba?”

Na ce, “Iya, ba boko za ki yi ba. Ruwa kawai za ki ce.”

Ta goge hannu da gefen zani, ta kara bakinta ta ce “ruwa”, a hankali, kamar mai lallashi. Na sa hotuna biyu kacal a fuskar wayar, manya, kofi da ludayi. Muka jingina yarinyar a ƙirjin Iya, na riƙe wayar daidai hannunta na hagu. Ta daɗe tana kallo. Ta dubi kofin da ke kan buhu, ta dubi wayar, ta sake duban kofin. Sai ta ɗaga hannu da ƙyar ta buga da bayan yatsunta. Muryar Iya ta fito daga waya. Yarinyar ta waiga da sauri ta kalli bakin kakarta, ta ga a rufe yake, sai ta ƙyalƙyale da dariya har miyau ya zubo kan gilashin. Na ce a ba ta ruwan maza. Ta kurɓa, ta sake bugawa. Sau shida ta sha ruwan da ba ta jin ƙishinsa.

Shekara biyu ina nuna mata katin kofi. Ba kofinta ba ne, shi ke nan.

Na koyi abu biyu na aiki. Dole a saka wayar cikin farar leda irin ta ƙanƙara saboda dalalar miyau, yatsa yana aiki ta kanta. Sannan a saitin sauƙaƙa amfani na Android akwai inda ake ƙara tsawon lokacin da waya ke jira kafin ta ɗauki taɓawa a matsayin dannawa da riƙewa, wanda ke taimakon hannun da ba ya ɗagowa da wuri.

Asabar, 5 ga Oktoba

Likitar gashin ƙashi, wato mai motsa gaɓoɓi, da ke zuwa mana daga birni sau ɗaya a wata biyu, don Allah, ta zo yau. A da takarda take bar wa kowace uwa, da zanen mutum-mutumi da bayani da Turanci. Na taɓa ganin ɗaya an ƙunshe ƙosai a cikinta, kuma ban ga laifin matar ba. Yawancin iyayen nan sun yi allo, suna karanta Alƙur'ani, wasu suna rubuta ajami, amma takardar ba da su take magana ba.

Yau kowace uwa ta yi wa ɗanta motsa jikin da hannunta, likitar na gyara mata, ni ina ɗauka. Bidiyo uku ga kowane yaro, kowanne bai kai minti biyu ba, da muryar likitar tana cewa “riƙe nan, ƙirga ashirin, kada ki fizga”. Wurin zama ma da kayan gida muka haɗa: wani a cikin bahon roba da matasai, wani a kusurwar ɗaki da buhun yashi tsakanin cinyoyi don kada ƙafafun su harɗe.

Ta zauna ta yi musu bayanin da na so a ce an ɗauka tun tuni, kuma na ɗauka. Larurar nan rauni ne da ya sami ƙwaƙwalwa tun tana danya, ko don jariri ya rasa iska wajen haihuwa, ko shawara mai tsanani a kwanakin farko, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Raunin ba ya ƙaruwa, amma gaɓar da aka bari ba a motsa ta takan ƙage. Wata ta tambaya ko shan inna ce. Ta ce a'a, shan inna ƙwayar cuta ce da ke sa ƙafa ta yi laƙwas, kuma tun Agustan 2020 aka tabbatar an kawar da asalin nau'inta daga Afirka. Ba ta yi wa kowa alkawarin warkewa ba. Na ji daɗin wannan, don an sha karɓe wa matan nan akuya da alkawari.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ranar Talata da dare tankar mai ta kama da wuta a Majiya, nan cikin ƙaramar hukumarmu. Mutanen da suka rasu sun haura 150. Babu gidan da ba shi da wanda ya sani. Mun ɗage zaman Asabar biyu. Allah ya jiƙansu, ya ba waɗanda ke kwance lafiya.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Tun wajen 21 ga Oktoba Arewa ta shiga duhu bayan manyan layukan da ke kawo wuta sun lalace, aka yi fiye da mako ana haka. Mu dama wutar ba kullum take leƙo mu ba, amma masu cajin waya da inji suke aiki, litar fetur ta haura naira dubu, ga mutane sun yi musu yawa. Kuɗin caji ya ninka. Maigida da ke lissafin batirinsa don kiran ciniki ba zai bar yaro ya ƙarar da shi yana neman ruwa ba.

Jikar Iya ta yi kwana biyar babu waya. Iya ta ce min kullum sai ta riƙa buga tabarma da bayan hannu tana kallonta. Wannan magana ta hana ni barci. Mun ba yarinya baki, sai muka bar shi a hannun mai caji.

Don haka na ja da baya daga niyyata ta farko ta raba yaran da takarda kwata-kwata. Kowane yaro za a wanke masa hotuna huɗu daga cikin nasa na waya, a yi musu leda, a huda a zura igiya: ruwa, bayan gida, ciwo, da a'a. Waɗannan ba sa jiran batir. Sauran, masu canzawa da masu murya da bidiyo, su zauna a waya. Kuɗin adashena na wannan wata na sayi ƙaramar sola, duk wadda ta zo ranar Asabar ta jona wayarta.

Kan katin a'a sai da muka yi da Iya. Ta ce, “Malama, yaro ya ce wa babba a'a? Tarbiyyar da za ki koya mata ke nan?” Na ce, “Iya, sauran jikokinki in sun ƙoshi suna ture kwano, in ruwan wanka ya yi zafi suna tsalle su fita. Ita fa?” Ta yi shiru, can ta ce a sa, amma na cikin waya ba da muryarta ba. 'Yar maƙwabta mai shekara takwas ce ta ɗauka mana, kuma ya fi dacewa, don murya ce ta yarinya irinta.

Asabar, 30 ga Nuwamba

An gama girbi, an kai amfani gida, maza sun fara tafiya cirani. Uku daga cikin manyan wayoyinmu biyar sun bi masu su, ɗaya Legas, biyu Abuja. Da na yi tunani tun Satumba da na hango wannan.

Na je wajen ɗaya kafin ya tafi, muka tsaya a zaure, matarsa na bayan ƙofa. Na gaishe shi na ce, “Malam, ko za a bar wa yaron wayar?” Ya ce, “Malama, wallahi da ita ake kirana aiki, da ita nake turo musu na cefane.” Gaskiyarsa ce. Amma da kansa ya cire memorin ya sa a ƙaramar wayar matarsa, ya tsaya har ƙanena ya rage nauyin bidiyoyin suka buɗe. A ƙaramar waya ba a taɓa hoto ya yi magana, sai dai uwa ta riƙa wucewa da madanni yaro yana nuna wanda yake so. Ya fi babu.

Mun kai kuka wajen mai unguwa. Na ce, “Ranka ya daɗe, waya biyu muke nema, ko na hannu ne.” Ya yi magana bayan sallar Juma'a, aka haɗa abin da aka haɗa, ƙanena ya shiga Kano kasuwar waya ta Farm Centre ya samo biyu masu tsagaggen gilashi da batir mai kyau. Babu layi a cikinsu, kuma da gangan ne. Wayar da ba a kira da ita ba ta fita daga gida.

Asabar, 21 ga Disamba

Kuramen nan biyu, babban shekara goma sha ɗaya, ƙaramin takwas. Da su na fi jin ƙarancin ilimina. Takardar alamomin hannu da nake da ita ta makarantun kurame ce, wadda asalinta daga Amurka yake. Andrew Foster, wani kurma baƙar fatar Amurka, shi ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, daga nan salon ya bazu a makarantun ƙasar nan. Amma kuramen ƙasar Hausa suna da tasu tun kafin wannan, maganar hannu, wadda ake yi a kasuwa da tasha da majalisa. Yaran nan da ita suke magana da uwarsu, gwargwadon abin da suka ƙirƙira a gida da wanda suka tsinta. Ni kuma ina zuwa da takarda ina nuna musu hannun da ya daskare a zane, alhali alama motsi ce, da fuska, da gira, da kafaɗa. Zane ba ya ɗaukar wannan.

Akwai wani tela kurma a kasuwar Gujungu, dattijo, duk ranar Lahadi kuramen yankin a rumfarsa suke taruwa. Ƙanena ya kai ni. Na gaishe shi da ɗan abin da na iya, ya yi murmushi ya gyara min yatsuna. Da ya fahimci abin da muke so, ya ture keken ɗinkinsa gefe, ya gyara hula, ya tsaya jikin farin yadi. Ina nuna masa hoto yana yin alamar, sau biyu kowacce, ɗaya a hankali ɗaya yadda ake yi a hira. Mun ɗauki sittin a ranar: gero, dawa, kuɗi, tsada, jiya, gobe, liman, asibiti, ƙarya, gaskiya. Da muka zo kan “makaranta” sai ya yi alama biyu, tasu da ta 'yan boko, ya nuna a sa duka. Shi ya warware min abin da ya dame ni. Yaran za su buƙaci ta makaranta in Allah ya sa sun samu shiga, kuma ba za a raba su da ta gida ba.

Kowane bidiyo ƙanena ya haɗa shi da hoton abin da kuma kalmar a rubuce da manyan baƙaƙe. Yau da na nuna musu, babban ya kalli dattijon sau uku, ya juyo ya tambaye ni da hannu: shi ma ba ya ji? Na ce e. Ya sake tambaya: kuma shi ke da keken? Na ce nasa ne. Bai taɓa sanin kurma yana girma ya zama mai sana'a da iyali ba. Uwarsu ta roƙi a riƙa tafiya da su kasuwa ranar Lahadi, kawunsu ya yarda zai kai su.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Abin da na ji tsoro ya faru. Wani ɗan'uwan mahaifin ɗaya daga cikin yaran ya ari waya, ya ga bidiyon gashin ƙashi, ya tura wa kansa, ya sa a wani zauren WhatsApp da rubutun neman taimako da lambar asusunsa. A bidiyon ana ganin fuskar uwar, ba mayafi, a tsakar ɗakinta. Kafin la'asar ya dawo ƙauyen ta wayar wani. Mijin ya kira daga Legas ya ce kada a sake kai yaron wajena.

Laifin farko nawa ne. Na nemi izini da baki, na ɗauka ya isa, ban yi tunanin hannun da waya ke bi ba. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ce bayanan yaro sai da yardar iyaye ko mai kula da shi, amma ko babu doka, mutuncin matar aure ba abin wasa ba ne a wurinmu.

Na je gidan da kaina na durƙusa na ba surukarta haƙuri. Ta ce, “'Yar nan, ba ke kika tura ba, amma ke kika ɗauka.” Ban da abin cewa.

Mun sake duk bidiyoyin gashi. Yanzu daga wuya zuwa ƙasa ake ɗauka, hannun uwa da jikin yaro cikin sutura, babu fuska. An sa su a folda mai lambar sirri da uwa kaɗai ta sani. Kafin a ɗauki komai sai an kira maigida ya ji da kunnensa, a ɗauki amincewarsa da ta uwar da murya. Na goge duk kwafin da ke wayata. Yaron bai dawo ba tukuna.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari tun 20 ga Janairu, kuma mun fara gani. Bai taɓa mu sosai ba, tunda da Xender da Bluetooth muke tura komai. Bidiyon da nake aika wa likita ta duba ne kawai na mayar sau ɗaya a wata.

Damuwar wannan wata ɗaya daga cikin masu galahanga ne, ɗan shekara biyar. Ya gano hanyar fita daga allon hotunansa ya shiga bidiyoyin da ke wayar, in an karɓe sai ya yi ta buga kansa da bango. Uwar kuma, ga daka ga ɗiban ruwa ga goyo, ta samu abin da ke zaunar da shi wuri ɗaya. Ban zarge ta ba, na ga aikin da ke kanta. Amma yaron da muke so ya dubi mutane ya koma duban gilashi. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2019 ta ce yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana gaban allo, wanda bai kai nan ba kuwa kada a ba shi. Namu ya ɗan girme wannan, amma yana yin awa huɗu.

Android na da hanyar kafe waya a kan manhaja ɗaya, ba a fita sai da lambar sirri. Mun kunna, mun kwashe sauran bidiyoyin. Wayar tana rataye a ƙusa, ana sauko da ita lokacin cin abinci da wanka da shirin barci, kuma kullum da mutum a gefensa. Kwana huɗu aka sha kuka. Yanzu ya lafa.

Asabar, 5 ga Afrilu

Azumi ya kama 1 ga Maris, zaman Asabar ya koma rabin awa, mata na ta aikin buɗa-baki. Abu ɗaya muka yi mai kyau. Yaron nan na galahanga bara ranar Sallah a ƙarƙashin gado ya wuni, saboda aski da sabon kaya da hayaniya sun zo masa a rana ɗaya. Bana tun goman tsakiya muka jera masa hotuna bakwai: wanzamin da zai yi masa aski, rigar da aka ɗinka masa a rataye, hanyar filin idi, filin babu kowa, babansa, gidan kakarsa, sai tabarmarsa, wato an dawo. Kullum bayan sahur yayarsa tana wuce masa su da muryar uwarsu. An yi Sallah Lahadi 30 ga Maris. An yi askin da kuka kaɗan. Ya sa rigar. Bai kai filin idi ba, ya tsaya a bakin hanya ya toshe kunnuwa, aka komo da shi. Uwar ta ce ita a wurinta an yi Sallah.

Asabar, 24 ga Mayu

Inda muke: yara takwas ke zuwa. A cikin huɗun masu gashi, biyu iyayensu na bin bidiyo kusan kullum, kuma likita ta ce ƙafar ɗaya ta saki har ana iya sa masa takalmi. Ɗaya ba a yi masa sai ranar Asabar, don uwar na da tsohon ciki. Na huɗun shi ne wanda aka janye, kakarsa dai ta aiko a tura mata sababbin bidiyoyin marasa fuska, na tura. Yarinya ɗaya cikin masu jinkirin magana har yau ba ta kula hoto ba, na waya ko na leda, sai dai ta ja hannun mutum zuwa abin da take so. Na daina matsa mata, zan nemi a sake duba idonta da jinta. Kuramen sun kai kalma arba'in da suke ganewa a rubuce, babban yana rubuta sunansa da na ƙaninsa, kuma tela ya fara ba shi ɗinkin maɓalli. Waya ɗaya ta faɗa randa, ta mutu. Da yake kowane yaro yana da kwafi a memori na biyu da ke wurina, a yini ɗaya muka mayar da kayansa.

Jikar Iya yanzu hotuna goma sha biyu ne a allonta, shida a shafi. Ranar Talatar da ta wuce Iya ta aiko a kira ni tun kafin in tafi makaranta. Yarinyar ta kwana tana kuka, an ba ta kunu ta buga a'a, an ba ta ruwa ta buga a'a. Da gari ya waye Iya ta ɗauko katunan igiya, ta kama na ciwo ta ƙi saki. Na buɗe mata shafin sassan jiki, wanda hotunan jikinta ne ita kanta: kai, ciki, haƙori, kunne, ƙafa. Ta buga kunne. Na mayar da shafin baya na sake buɗewa don in tabbatar, ta sake buga kunne. Muka haska da fitilar waya, ga ruwa yana fitowa daga na hagu. Kafin azahar an kai ta asibitin da ke kusa da mu a bayan babur, aka ba ta magani.

Yau Iya ta zo da ita, kunnen ya bushe. Ta zauna a gefen tabarma ta ce, “Malama, shekara bakwai in ta yi kuka sai dai in yi ta canke.” Sannan ta ce akwai abin da take so a ƙara. Jikarta tana son zuwa bakin rijiya inda yara ke wasa da yamma, ita ta lura da haka, amma babu hotonsa. Ta kuma ce a sake ɗaukar kofin, don tsohon ya ɓule an sayi sabo ja na roba.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, masu cirani sun fara dawowa da wayoyinsu, sai an sake zagayawa a mayar musu da kayan yaran kafin a shiga shuka. Gobe Lahadi in na dawo daga Gujungu zan biya gidan Iya da farin buhuna, mu ɗauki jan kofi, mu gangara rijiya kafin rana ta faɗi.